Likiya, Tramuntana ko Otter: Wace Hanyar Tattaki ta Duwatsun Gaɓar Teku Ta Dace da Kai?

Wanda ya ƙudiri aniyar yin tattakin kwanaki a inda dutse ya haɗu da teku yakan tsaya ne tsakanin sunaye kaɗan. Uku daga cikinsu sun fi dacewa da mai tasowa daga Afirka ta Yamma: Hanyar Likiya a kudancin Turkiyya, hanyar GR221 a duwatsun Tramuntana na tsibirin Mallorca a Sifaniya, da Hanyar Otter a gaɓar Tsitsikamma ta Afirka ta Kudu. A hoto duk kamarsu ɗaya, shuɗin ruwa a ƙasa, dutse a sama. A ƙafa kuwa ba su haɗa komai ba, kuma yawancin waɗanda suka yi zaɓen tumun dare sun duba tsawon hanya ne kawai, alhali tsawo shi ne abu mafi sauƙin gyarawa.

Ma'aunan da za a ɗora su a kai

Na farko shi ne takardu da sassaucin rana. Mai fasfon Najeriya ko Nijar sai da biza zai shiga ƙasashen nan uku, kuma biza ba ta fita ranar da aka so. Hanyar da ke ɗaure mutum da rana guda ta fi haɗari ga aljihu a kan wadda za a iya farawa duk ranar da aka iso.

Na biyu kuɗin kowace rana a kan hanya, wato kwana da abinci da izini, ban da tikitin jirgi.

Na uku wahala, kuma a gaɓar teku ba a auna ta da kilomita. Kowane rafi da ke gangarowa teku ya yanka kwazazzabo, don haka hanyar sauka ce zuwa bakin ruwa a sake hawa, sau da yawa a yini. Lissafin da masu tattaki suka saba da shi: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. A kan tsakuwa da kaifin dutse, da jaka a baya, gara a lissafa kilomita 2 zuwa 3 a awa.

Na huɗu ruwa, abinci da makwanci, domin su ne ke yanke nauyin jaka. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jakar da ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ita za ta ci gwiwarsa a gangare.

Na biyar haɗari da mafita: idan ƙafa ta yi targaɗe da azahar, awa nawa ne zuwa titin mota? Na shida kuma abin da hanyar ke yi wa takalmi, jaka da jiki.

Hanyar Likiya, Turkiyya

Wata Baturiya 'yar Ingila mai suna Kate Clow ce ta tsara ta, aka buɗe ta a 1999. Ta tashi daga Ovacık kusa da Fethiye ta ƙare a Geyikbayırı kusa da Antalya, sama da kilomita 500, tafiyar kimanin wata guda ga mai son gama ta a zama ɗaya. Alamarta fenti ne fari da ja a jikin dutse ko itace.

Ta fuskar sassauci babu kamarta. Ba a yanka izini, ba a rajista, babu ƙofar shiga. Ƙananan motocin haya da ake kira dolmush suna bin titin gaɓa, saboda haka mutum zai iya ɗaukar kwana 5 daga Ovacık ta Faralya, Kabak da Alınca, ko kwana 2 zuwa 3 daga Karaöz ta Adrasan zuwa Çıralı, ya koma gida ya dawo wata shekara ya ci gaba. Idan biza ta makara da mako biyu, ba a yi asarar komai ba sai canjin tikiti. Jirgin Turkish Airlines yana tashi kai tsaye daga Abuja da Legas zuwa Istanbul, daga nan a hau na cikin gida zuwa Dalaman ko Antalya.

Kuɗinta ya danganta da salon kwana. Mai tanti yana kwana kyauta a wurare da yawa, mai son gado kuma yana sauka a ƙananan masaukan iyali na ƙauye, inda galibi kuɗin ya haɗa da abincin dare da karin kumallo. Darajar Lira tana yawan sauyawa, don haka a yi kasafi da Yuro ko Dala, a riƙe tsabar kuɗi, domin ƙauyukan kan dutse ba su da na'urar cirar kuɗi. Garuruwan shaƙatawa irin su Kalkan da Kaş sun fi tsada nesa ba kusa ba.

Ga Musulmi wannan ita ce hanya mafi kwanciyar hankali. Abinci halal ne ba sai an yi tambaya ba, kusan kowane ƙauye yana da masallaci, kuma famfon alwala na masallaci shi ne wurin cika gora mafi tabbas. Alƙibla daga nan kudu ce ta ɗan karkata gabas, ba gabas ɗin da aka saba fuskanta a gida ba.

Wahalarta ta gaske ce. Dutsen wurin na farar ƙasa ne, mai kaifi da ramuka, kuma tsofaffin hanyoyin alfadarai da aka bi cike suke da tsakuwa mai mirginawa. Daga bakin ruwa a Kabak zuwa Alınca hawa ne na sama da mita 600 a rabin yini. Sashen da ke tsakanin Demre da Finike ya bar teku ya shiga duwatsu na kimanin kwana 3 babu shago, ruwan da ake samu na tsofaffin rijiyoyin tara ruwan sama ne, wanda sai da igiya da ƙaramin guga ake ɗebowa, kuma dole a tace shi ko a tafasa. A ƙarshen lokacin zafi na can wasu rijiyoyin sun ƙafe. Wannan ne ya sa Afrilu da farkon Mayu suka fi Oktoba sauƙi ta wajen ruwa, ko da yake a farkon lokacin ana iya tarar da dusar ƙanƙara a mashigar da ke gefen dutsen Tahtalı, wadda ta kai kusan mita 1,800. Daga Yuni zuwa Agusta a bar ta. Wanda ya tashi a Sakkwato zai ce zafi ba baƙonsa ba ne, amma zama a inuwa daban, hawan dutse da kilo 12 a baya ba inuwa ba rijiya daban. A ranar Karaöz zuwa Adrasan, wadda ta bi ta hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Gelidonya, a ɗauki lita 4 aƙalla.

Abubuwa biyu ne suka fi ɓata wa mutane tafiya. Ɗaya ɓatan hanya: fenti yana dusashewa, sababbin tituna da gine-gine suna share alamu. Ƙa'idar ita ce idan an yi minti 5 ba a ga fenti ba, a koma inda aka ga na ƙarshe, kada a yanke daji, domin gangaren da ya yi kama da gajeriyar hanya yakan ƙare a bakin rami. A sauke taswirar a waya tun ana da intanet. Na biyu karnukan makiyaya. Kada a ratsa tsakiyar garke, kada a gudu. A tsaya, a sa sanda tsakani, a jira makiyayin ya kira karensa.

Sakamakon wahalar kuwa mai yawa ne. Hanyar tana ratsa kufan Xanthos da Letoon, waɗanda UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1988, da Patara mai dogon rairayi, da kaburburan da aka sassaƙa a jikin dutse a Myra, da Yanartaş kusa da Çıralı inda iskar gas ke fitowa daga dutse tana ci da wuta dare da rana. Filin da ke kewayen Letoon shimfiɗe yake da rumfunan ledar noman tumatir, babu laifi a tsallake shi a mota.

GR221, Mallorca

Kimanin kilomita 140 ce daga Port d'Andratx zuwa Pollença, kwana 8 zuwa 10, a kan jerin duwatsun Tramuntana da suka tokare gaɓar arewa maso yammacin tsibirin. UNESCO ta amince da yankin a 2011 saboda gonakin bene-bene da katangun dutse da aka jera ba siminti ba laka. Musulmi sun mulki tsibirin daga farkon ƙarni na 10 zuwa 1229, kuma tsarin ban-ruwa na gonakin Banyalbufar da sunayen ƙauyuka masu farawa da Bini, kamar Biniaraix, suna da tushe a wancan zamanin.

Cikas ɗinta na farko biza ce ta Shengen, wato ta shiga yawancin ƙasashen Turai: Yuro 90, da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, da shaidar masauki na kowane dare. Wannan sharaɗin na ƙarshe ya zo daidai da yanayin hanyar, domin kafa tanti a daji haramun ne a dokar wurin, dole kowane dare ya zama an kama gado tun da wuri. Hukumar tsibirin tana da gidajen kwanan masu tattaki: Can Boi a Deià, Muleta a Port de Sóller, Tossals Verds a cikin duwatsu, Son Amer a Lluc, da Pont Romà a Pollença. Ɗaki ne na haɗaka mai gadaje hawa biyu, da abincin dare da na safe idan an yi oda. Suna da arha ƙwarai idan aka gwada da otel, shi ya sa suke cika da wuri a Afrilu, Mayu da Oktoba. Matsalar tana rabin kudu, inda gidajen suka yi ƙaranci, sai otel a ƙauyukan da masu yawon buɗe ido suka tsadantar, irin su Valldemossa. Dare biyu ko uku a can za su iya cinye abin da aka kashe a sauran hanyar gaba ɗaya. Maganinsa motar bas ta gwamnati: a gama tafiyar yini, a hau bas zuwa inda gado ke da sauƙi, a dawo da safe.

Tun da babu tanti babu risho, jaka ba ta wuce kilo 7 zuwa 9 ba, kuma wannan kaɗai ya sa ta fi sauran biyun sauƙi ga mai farawa. Daga Deià zuwa Pollença alamun katako a bayyane suke. Daga Port d'Andratx zuwa wajen Estellencs kuwa alamu sun yi ƙaranci, wasu wurare tarin duwatsu ne kawai, kuma hanyar tana bi ta gonakin mutane. Ƙofar da aka tarar a rufe a mayar da ita a rufe. Hawa mafi tsanani biyu ne: matattakalar dutse ta kwazazzabon Biniaraix daga Sóller zuwa madatsar ruwa ta Cúber, da mashigar Coll des Prat mai kimanin mita 1,200 kafin a gangara Lluc. Puig Major, dutse mafi tsawo a tsibirin, sansanin soja ne, ba a hawansa.

Daɓen dutsen nan da ƙafafu suka goge shekaru aru-aru santsi gare shi idan ya jiƙe, kuma yawancin raunuka a gangare ake jin su bayan ruwan sama. Sanduna biyu suna rage wa gwiwa nauyi sosai. Hazo yana rufe tudu cikin ɗan lokaci. Ruwa kuma dutsen yana shanye shi, maɓuɓɓuga kaɗan ne, a cika lita 2 zuwa 3 kowace safiya. Amma mafita kusa take kusan kullum, lambar gaggawa 112 kamar yadda take a Turkiyya.

Abinci yana buƙatar lura. Sobrassada naman alade ne, kuma ensaïmada, burodin zaƙin da ake sayarwa ko'ina, da kitsen alade ake kwaɓa shi a al'adance. A nemi abincin marasa cin nama lokacin kama gado, a riƙe kifin gwangwani, cuku, dabino da almon. Kilishi da dambun nama ba a shiga da su Tarayyar Turai, za a ƙwace a filin jirgi.

Hanyar Otter, Afirka ta Kudu

Ita ce gajeriya, kimanin kilomita 45 cikin kwana 5 da dare 4, daga bakin kogin Storms zuwa Nature's Valley, a gandun Garden Route. An buɗe ta a 1968, sunanta kuma daga karen ruwan da ke zaune a gaɓar, wanda sawunsa da aka zana da rawayan fenti shi ne alamar hanya. Kada gajartarta ta ruɗi kowa.

Hukumar kula da gandun daji ta ƙasar, SANParks, mutum 12 kacal take bari su fara a kowace rana, domin a kowane zango ɗakunan katako biyu ne masu gado shida-shida: Ngubu, Scott, Oakhurst da Andre. Gurabe suna ƙarewa watanni da yawa kafin lokaci, akwai iyakar shekaru da takardar lafiya da ake cikewa, kuma ranar da aka ba mutum ita ce ranarsa. Ga mai jiran biza wannan caca ce, sai a fara neman biza da wuri ƙwarai. Masu fasfon Ghana sun huta da wannan tun Nuwamban 2023, lokacin da ƙasashen biyu suka cire wa juna biza ta gajeren zama. Katin rigakafin cutar shawara dole ne ga mai zuwa daga Najeriya ko Ghana. Kuɗin izini ya haura Rand 1,000, ga kuɗin kula da gandu na kowace rana wanda baƙi ke biya fiye da 'yan ƙasa, ga motar da za ta kai mutum daga George ko Gqeberha. Bayan wannan babu inda za a kashe ko sisi, domin babu shago.

Ma'anar haka ita ce abincin kwana 5, risho, tukunya da bargon kwana duk a baya suke, kilo 13 zuwa 16 a ranar farko. Tukunyar gas ba ta hawa jirgi, a saya a can. Abinci mai tambarin halal, har da busasshen naman da suke kira biltong, yana samuwa a manyan kantuna. Ruwan rafukan ja ne kamar shayi saboda saiwoyin tsirrai, ana sha bayan an tace. Ruwan teku ya halatta a yi alwala da shi, don haka ba sai an taɓa na sha ba. Alƙibla arewa ce ta ɗan karkata gabas. Gwaggon biri yana buɗe jaka, kada a bar abinci a waje.

Babu tudun da ya wuce 'yan mitoci ɗari da wani abu, amma hawa da saukar ba su ƙarewa, a kan matattakala da saiwoyi da duwatsun bakin ruwa. Abin da ya raba wannan hanya da sauran shi ne ƙetare koguna a inda suke shiga teku: Elandsbos da Lottering a rana ta uku, sai Bloukrans a rana ta huɗu, bayan tafiyar kimanin kilomita 10 daga Oakhurst. Teku yana cika yana janyewa sau biyu a yini, kuma lokacin yana matsawa da kimanin minti 50 kowace rana. Bloukrans ana ƙetare shi ne daidai lokacin janyewa. Kilomita 10 ɗin nan suna cin awa 4 zuwa 5, saboda haka idan jadawalin janyewar teku ya nuna ƙarfe 9 na safe, tashi ƙarfe 4 ne da tocilar goshi. Janyewa ta fi nisa a farkon watan Musulunci da tsakiyarsa, wanda ke da zaɓin rana ya duba wannan. Ana sa jaka cikin babbar leda mai kauri, a ɗaure bakinta, a tura ta a kan ruwa. Ba a shiga ruwa da jaka ɗaure a ƙugu, domin idan igiyar ruwa ta kayar da mutum jakar ce za ta danne shi. Idan an yi ruwan sama a duwatsu kogin ya cika, ko an makara, akwai hanyar tsira mai alama da ke hawa tudu kafin kogin. A bi ta, a kira ma'aikatan gandu. Wanda bai iya iyo ba kada ya yi rajistar wannan hanya, ko da abokansa sun ce za su riƙe shi.

A taƙaice cikin jadawali

| Ma'auni | Likiya | GR221 | Otter |
|---|---|---|---|
| Tsawo | sama da km 500, ana yanka ta | kimanin km 140 | kimanin km 45 |
| Kwanaki | 2 zuwa 30 | 8 zuwa 10 | 5 daidai |
| Izini | babu | babu, sai kama gado | dole, mutum 12 a rana |
| Makwanci | tanti ko masaukin ƙauye | gidan kwana ko otel | ɗakin katako |
| Nauyin jaka | kilo 8 zuwa 14 | kilo 7 zuwa 9 | kilo 13 zuwa 16 |
| Kuɗin yini | ƙasa zuwa matsakaici | mafi tsada | an biya tun farko |
| Babban haɗari | ƙishirwa, ɓata | santsi, hazo | ƙetare kogi |
| Mafita | kusa, ban da Demre zuwa Finike | kusa | hanyoyin tsira kaɗan |
| Halal | ko'ina | sai da lura | abin da ka ɗauko |

Takalmi da jiki

Likiya ce mai cin takalmi: wanda zai yi wata guda ya zo da mai tauri a tafi, wanda aka riga aka yi tafiyar aƙalla kilomita 50 da shi. Sabon takalmi bororo yake kawowa a rana ta biyu. A Otter gishiri da yashi ne abokan gaba, suna cin zif suna goge fata, a riƙe takalmin roba mai maɗauri don shiga ruwa, a wanke ƙafa da ruwan daɗi a shanya kafin a sa safa. A GR221 kaya ba sa lalacewa, gwiwa ce ke biya. Duk ukun shirinsu ɗaya ne: mako 6 zuwa 8 ana hawa da sauka da jaka mai nauyin da za a ɗauka. Matattakalar Dutsen Dala ko ta dogon bene ta wadatar, muddin ana ba sauka muhimmanci kamar hawa.

Wa ya dace da wace

Mai tasowa daga Najeriya ko Nijar, mai mako ɗaya zuwa biyu, wanda ba ya son biza ta ɗaure shi da rana kuma yana son cin abinci da salla ba tare da fargaba ba, ya ɗauki Likiya, ya fara da sashen yamma daga Ovacık a watan Afrilu, yana kwana a masaukan ƙauye. A ganina wannan ne zaɓin da ya fi dacewa da mafi yawan masu karanta wannan. Sashen Demre zuwa Finike a bar wa wanda ya saba kwana a daji, kuma kada a shige shi mutum ɗaya.

Mai zama a Turai ko mai bizar Shengen a hannu, wanda bai taɓa tattakin kwanaki ba, ko mata da ke tafiya a ƙungiya suna son ƙofa mai rufuwa kowane dare, GR221 ce tasu. Idan kwanaki ko kuɗi sun gaza, a yi Deià zuwa Pollença kawai cikin kwana 4 ko 5, inda alamu da gidajen kwana suka fi kyau.

Ƙungiyar abokai masu ƙarfi, waɗanda duk sun iya iyo, suna iya tsara tafiya kusan shekara guda kafin lokaci, kuma suna son kwanaki biyar babu ƙauye babu mota, su nemi Otter. Idan sun kai shida, ɗaki guda nasu ne su kaɗai a kowane zango.